YADDA ZA KA SAN ƁARAWO YA SHIGO GIDANKA DA DARE

Manomi, ka yi sharar gona, ka yi shuka, ka yi noma da maimai, Allah ya ba ka amfani ka kawo gida. To, saura tsaro. Hatsin da ka yi wata biyar kana wahalarsa, ɓarawo yana iya kwashe shi a dare ɗaya. Haka ma ragon da kake kiwatawa don kasuwar Babbar Salla. Wannan takarda za ta nuna maka dabarun da za su tashe ka daga barci tun ɓarawo bai kai ga rumbu ko turke ba. Yawancin kayan aikin suna nan a gidanka.

FARA DA DUBA GIDANKA

Da rana, ka zaga gidan ta waje, ka dube shi da idon ɓarawo. Ina katanga ta zube? Ina danga ta yi ɓaraka? Wace itaciya ce reshenta ya leƙo cikin gida? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Toshe abin da za ka iya toshewa, ka jibga ƙaya a bayan danga. Wuraren da suka rage, nan za ka kafa dabarunka.

Ka ƙara lura a lokatai huɗu: duhun wata, daren da ake ruwa, tsakiyar hunturu sa'ad da kowa ya dunƙule cikin bargo, da kuma bazara sa'ad da hatsi ya yi tsada.

DABARA TA 1: ZARE DA GWANGWANAYE

Kayan da ake bukata: zaren fatsa ko wani baƙin zare mai ƙarfi, gwangwanayen madara ko na tumatir guda 5 ko 6, tsakuwa, ƙusoshi, turaku ƙanana, da tsohon daro ko guntun kwanon rufi.

Ga yadda ake yi:

1. Zuba tsakuwa 3 ko 4 a kowane gwangwani, ka matse bakinsa, ka huda shi, ka ɗaure su duka wuri ɗaya.
2. Kafa turaku biyu, ɗaya a kowane gefe na hanyar da kake zaton za a bi. Ɗaura zaren a turke na farko, ka ja shi ya gitta hanyar.
3. Tsawon zaren daga ƙasa ya kai gwiwar babban mutum, wato kamar kamu ɗaya. Kaji za su wuce ta ƙasa, amma ƙafar mutum sai ta ja shi.
4. Kafa ƙusa a turke na biyu, ka lanƙwasa ta, ka zura zaren ta ciki, ka kai shi gindin tagar ɗakin da kake kwana.
5. Soka ɗan tsinke a ramin bango, sako-sako, ka rataye gwangwanayen a kansa. Ɗaura bakin zaren a jikin tsinken. Ajiye daron a ƙasa, daidai ƙarƙashinsu.

Da an ja zaren, tsinken zai zare, gwangwanayen su faɗa cikin daro. Ƙarar ta isa ta tashi gida duka.

Lura: kada zare ɗaya ya yi tsawo ainun, don zai yi sanyi ya kwanta a ƙasa. Gara ka yi gajeru biyu ko uku, ɗaya a bayan rumbu, ɗaya a bakin turke.

DABARA TA 2: HON NA BABUR

In kana da batirin babur da tsohon hon, ga wadda ta fi ƙara. Nemi abin nan na katako ko roba da ake maƙale tufafi da shi a igiyar shanya, da waya mai rufi.

1. Haɗa waya ɗaya daga kan batir zuwa hon.
2. Ɗauki waya ta biyu daga ɗaya kan batirin, ka fere bakinta, ka naɗa a leɓe ɗaya na abin maƙalewar.
3. Waya ta uku ta taso daga ɗaya bakin hon, ka fere ta, ka naɗa a ɗaya leɓen. Yanzu in leɓunan suka haɗu, hon zai yi kuka.
4. Yanko guntun roba daga tsohuwar jarka, ka huda shi, ka ɗaura masa zaren, ka sa shi tsakanin leɓunan ya raba su.
5. Ɗaure abin maƙalewar sosai a jikin turke, ka kifa masa gwangwani don ruwa da raɓa.

Wanda ya ja zare ya zare robar, wayoyin su haɗu, hon ya yi ta kuka har sai ka zo ka mayar. Batir da hon su zauna cikin ɗaki ko zaure. Goge bakin wayoyin kowane mako, don tsatsa tana hana wuta wucewa.

DABARA TA 3: FITILA MAI AMFANI DA HASKEN RANA

Yanzu a kasuwa akwai ƙananan fitilu masu cajin rana da ke kama da kansu in mutum ya gitta. Ɗumin jikin mai motsi suke ji. Kafa ta sama da tsawon mutum, inda rana ke samunta sosai. Ta fi saurin kamawa in mutum ya gitta ta gabanta, a kan in ya nufo ta kai tsaye, saboda haka kafa ta a gefen hanya. Kada ta fuskanci murhu ko garken dabbobi, in ba haka ba za ta kwana tana kamawa a banza. Goge mata ƙura da hunturu.

MASU GADI NA GIDA

Kare yana jin abin da kai ba ka ji ba. Ɗaure shi da rana, ka sake shi da dare, ka ciyar da shi sosai don kada ya karɓi abin da baƙo ya jefo masa. Kai shi ga malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare kowace shekara. Zabi ma suna da hayaniya in sun ga baƙon abu. Rataya ƙararrawa a wuyan sa ko ragon da ya fi daraja. Da magariba kuma, a share gindin rumbu a watsa rairayi mai laushi. Da safe sawu zai gaya maka ko wani ya zo leƙen wuri, da inda ya bi.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Kada ka kuskura ka haɗa wutar lantarki ta gida ko ta janareto da shinge ko waya. Tana kashe mutum, kuma yawanci yaro ne ko maƙwabci ke taɓawa. Ka yi asarar rai, ga shari'a a kanka.
2. Kada ka ɗana bindiga ko tarkon ƙarfe. Manufarmu a farka, ba a ji wa kowa ciwo ba.
3. Ɗana zare bayan an ɗaure dabbobi kowa ya shiga ɗaki, ka kwance shi da asuba. Manyan gida su san inda yake, amma kada zancen ya kai kasuwa.
4. Gwada dabarar sau ɗaya a mako. Sauya wa zaren wuri lokaci-lokaci.

IDAN ƘARA TA TASHI

Kada ka fita kai kaɗai, kuma kada ka haska tocila daga inda kake tsaye, don ka nuna kanka ke nan. Leƙa tukuna, ka saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku yi shiri da maƙwabta tun da wuri, kowa ya mallaki usur, ku tsayar da irin busar da ke nufin a kawo ɗauki. Lambar mai unguwa da ta 'yan sintiri su kasance cikin wayarka.

In ka ga suna da yawa ko suna da makami, bar musu kaya, ka tsira da iyalinka. Ana sake noma hatsi, ba a sake rai. In kuwa an kama mutum, kada a doke shi. A kai shi ga mai unguwa, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Fara yau da gwangwani shida da zare ɗaya. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.