DASHEN RESHE: YADDA AKE YAWAITA ITATUWA DA TSIRE-TSIREN LAMBU BA DA IRI BA

Kowane magidanci yana bukatar inuwa a ƙofar gidansa, da shinge a lambunsa, da ganyen miya kusa da madafa. Abin da ke hana mutane da yawa samun waɗannan shi ne zaton da suke yi cewa sai an sayi iri, ko an je gandun Hukuma neman dashe. Alhali kuwa akwai itatuwa da tsire-tsire masu yawa da ba su bukatar iri ko kaɗan. Reshe guda da aka yanko daidai, aka kafa a kan kari, ya wadatar. An ɗauki birnin Bauchi da kewayensa don misali a wannan ƙasida, saboda yanayinsa ya yi kusa da na garuruwan Arewa da dama.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ceɗiya da durumin da dattawa ke hutawa a gindinsu, yawancinsu sanda ce wani ya kafa, ta kama. Haka ake yin shingen aguwa da dashi da bini da zugu. Rogo da rake da dankali kuwa, manomi bai san wata hanyar shuka su ba sai wannan. Zogale, da shuwaka, da lalle, da rumman, da inabi, da furanni masu yawa na ƙawata gida, duk suna kamawa daga reshe.

Abin da ke sa reshe ya yi saiwa

A ƙarƙashin ɓawon kowane ɗanyen reshe akwai wani siririn sashe mai rai, wanda daga gare shi itace ke ƙara kauri. Kan reshe da sababbin ganyaye suna yin wani sinadari da masana ke kira oksin, wanda kullum gangarowa yake yi daga sama zuwa ƙasa. Idan aka yanke reshe, sinadarin nan sai ya taru a gindin yankan, musamman kusa da gaɓa, ya sa sashen nan mai rai ya fid da saiwa. Dalilin ke nan da ya sa reshen da aka kafa kai ƙasa ba safai yake rayuwa ba. Saboda haka mai yanka ya riƙa sa alama: gindi a yanke shi a karkace, kai a yanke shi daidai. Tun cikin shekarun 1930 masana suka ƙirƙiro garin magani mai irin aikin wannan sinadari, ana tsoma gindin reshe a ciki. Yana taimaka wa itatuwa masu wuyar kamawa, amma rogo da zogale da ceɗiya ba su da bukatarsa.

Zaɓen uwa

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi mai da hankali. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To, reshe ya wuce batun gado, domin shi ne ainihin itacen da aka yanko shi daga jikinsa. Wanda ya shuka ƙwayar rumman ba shi da tabbacin 'ya'yan da zai samu, watakila masu zaƙi, watakila masu tsami. Wanda ya yanko reshen rumman mai zaƙi kuwa, mai zaƙi zai samu, kuma zai riga wancan cin amfani.

Amma fa yadda reshe ke ɗauke da alherin uwa, haka yake ɗauke da cutarta. Akwai cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbaren rawaya ya ƙanƙance. Wani ɗan farin ƙuda ne ke yaɗa ta a gona, amma babbar hanyar da take bi daga gari zuwa gari ita ce itacen rogon da manoma ke ba juna kyauta. Ga kuma wani darasi da ya shafi nahiyar duka. A shekarar 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai tsotse rogo a wajen Kinshasa da Brazzaville, wanda asalinsa na Kudancin Amurka ne, kuma a jikin itacen dashe ya ƙetaro teku. A 1979 ya iso Nijeriya, ya yi ɓarna mai yawa. Ba a shawo kansa ba sai da masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga can ƙasashen da ya fito, suka fara sakinsa a 1981. Don gudun irin wannan ɓarna ne Hukuma ta hana shigo da tsiro daga ƙasashen waje ba da izini ba. Mai dawowa daga tafiya da ya ɓoye reshe a jakarsa yana iya jawo wa ƙasa asarar da bai taɓa tsammani ba.

Saboda haka kafin a yanka, a tsaya a dubi itacen sosai. A bar wanda ganyensa ya naɗe, ko yake da tabo, ko ƙwari suka manne masa. A wanke wuƙa da sabulu ko a bi bakinta da wuta kafin a koma wani itacen, kuma ta kasance mai kaifi, domin dakusasshiya farfasa reshe take yi, ruɓa kuwa ta nan take shiga.

Lokaci da awo

Ruwan da Bauchi ke samu a shekara ya kai wajen milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Manyan sanduna irin na ceɗiya, dashi da aguwa an fi kafa su a ƙarshen bazara, cikin Afrilu ko farkon Mayu, gab da saukar ruwa. Suna da ajiyar ruwa a jikinsu, idan kuma aka bari sai tsakiyar Agusta, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruɓewa za su yi kafin su yi saiwa. Mai fid da nono kamar aguwa, a jingine shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe tukuna, kuma a kiyaye ido da nonon. Masu laushi kamar dankali da shuwaka kuwa sai damina ta kankama. Lokacin hunturu ba a yin dashe a fili, sai ga mai lambun fadama ko mai rijiya da kariya daga iska.

Itacen rogo a ɗauko shi daga tsakiyar karan da ya kai wata 8 zuwa 12, a yanka tsawon santimita 20 zuwa 25, watau misalin taƙi guda, mai gaɓa 5 zuwa 7. A kafa shi a gicciye, kashi biyu cikin uku a ƙasa. Idan an ba da tazarar mita guda kowane gefe, hekta ɗaya za ta ci 10,000. Dankali kan yaɗon ake so, tsawon santimita 30. Rake kwantar da shi ake yi, gunduwa mai ido 2 ko 3. Zogale sanda mai tsawon mita guda, kashi ɗaya cikin uku a rami. Sai dai a sani, zogalen reshe ba ya yin doguwar saiwar tsakiya irin ta zogalen iri, don haka bai kai shi jure fari da iska ba. A lambun gida wannan ba komai ba ne, amma a gonar daji iri ya fi.

Reno

Ƙananan rassa, kamar na lalle, rumman, inabi da furanni, a fara renonsu a leda ko gwangwani mai huda a ƙasa. A haɗa yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji ƙona gindin reshe yake yi, takin zamani kuma ba shi da amfani ga abin da bai yi saiwa ba tukuna. A tsinke ganyen ƙasa duka, a bar biyu a sama, domin ta ganye ruwa ke fita, reshen kuwa ba shi da abin jawo wani. A ajiye ƙarƙashin rumfar zana, inda haske ke shiga amma rana ba ta duka.

Rassan da yawan ruwa ya kashe sun fi waɗanda ƙishirwa ta kashe yawa. Ƙasa ta zama da danshi kawai. A tura yatsa, in an ji laima a bari sai gobe. Kada kuma a ruɗu da tohon farko. Reshe kan yi toho da abincin da ke jikinsa tun bai yi saiwa ba, mai gaggawa ya ɗauka ya kama, ya fitar da shi rana, ya mutu. Yawanci sai an yi mako 3 zuwa 6. Ɗabi'ar nan ta zaro reshe a duba ko ya yi saiwa, wadda ba yara kaɗai ke yinta ba, tsinke sababbin saiwoyi take yi.

Gara ce babbar abokiyar gāba a ƙasar Bauchi. A ɗora ledoji a kan dutse ko bulo, a barbaɗa toka kewaye, kada a tara busasshiyar ciyawa a jikin sanda. Awaki kuma sai ƙaya ko kwando. Bayan reshe ya kama, a riƙa rage masa inuwa kaɗan-kaɗan har mako guda, sannan a dasa da yamma, a yage ledar ba tare da an fasa ƙasar ba. Ceɗiya da durumi a nesanta su daga katanga da rijiya da bututun ruwa, saboda saiwarsu na tsaga gini. Bini da zugu kuwa 'ya'yansa guba ne, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba.

Mangwaro ba ya cikin wannan lissafi. Kowace shekara mutane na kafa reshensa suna zuba ruwa a banza. Shi aure ake yi masa, watau a shuka ƙwallo, in ya tasa a ɗaura masa reshen irin da ake so. Lemo ma haka ne, da ido ake yi masa. Wannan aiki ne da sai an gani da ido, kuma malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi, da takwarorinsu a sauran jihohi, suna nuna wa mai bukata.