MOTA MAI LANTARKI DA AMANAR DAJI: DARASI DAGA BIRNIN GWARI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsirar da itatuwa a bayanta, ya ajiye ma'adinai a cikinta, sa'an nan ya ɗora wa ɗan Adam amanar kula da ita. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mota mai aiki da lantarki, wadda maganarta ta yawaita a bakin jama'a tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2024 an sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 17 a duniya, galibinsu a ƙasar Sin. A Nijeriya kuwa, cikin 2021 aka nuna samfurin Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, kuma a wannan shekara aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri ma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir.

Masu tallar wannan mota suna cewa tsarkakakkiya ce, wanda ya saye ta ya sauke nauyin da ke kansa na kare duniya daga lalacewa. Ya kamata Musulmi ya ɗora wannan magana a kan ma'aunin Shari'a kafin ya karɓe ta. Ƙasar Birnin Gwari wuri ne da ya dace da wannan awo, domin tana da abubuwa biyu da maganar ta rataya a kansu, watau daji da ma'adinai.

HUKUNCIN ABIN HAWA

Asalin abin da ke da amfani shi ne halacci, sai fa in nassi ya hana. A aya ta 8 ta Suratun Nahli Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominsa, domin hawa da kuma ado, sa'an nan ya ba da labarin cewa yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun fahimci cewa mota da jirgi sun shiga ƙarƙashin wannan ishara. Har ila yau Ibnu Hibbana ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abin hawa mai sauƙi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace ta gari da gida yalwatacce da maƙwabci na kirki.

Saboda haka babu laifi ga mallakar mota, mai fetur ce ko mai lantarki. Ita mai lantarkin ma tana da falala a fili: ba ta fitar da hayaƙi, ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba ta da ƙara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Ruwa ko Kasuwar Barci da yamma, hayaƙin motoci da na A Daidaita Sahu yana shiga masa ido da ƙirji, ya san cewa rage wannan hayaƙi alheri ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

INDA BATIR YA FITO

Sai dai Shari'a ba ta duban abu daga inda ya tsaya kawai, tana duban inda ya fito. Ran wannan mota shi ne batir, shi kuwa ana yin sa ne da ma'adinai irin su litiyam da nikel da kobal da jan ƙarfe, waɗanda dole a tono su daga cikin ƙasa. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga ƙasar Kwango yake fitowa, wani sashe nasa kuwa talakawa ne ke haƙo shi da hannu, har da ƙananan yara. A nan gida an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa cikin Mayu 2024, kuma a ƙarshen wannan shekara binciken 'yan jarida ya nuna yara suna tsintar duwatsun litiyam a ramukan da ba su da izinin hukuma a ƙauyen Pasali na wannan jiha, alhali kuwa tsararrakinsu suna makaranta.

Mutanen Arewa sun riga sun san abin da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba take jawowa. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun a cikin gidaje, ƙurarsu tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 irin wannan musiba ta auku a Shikira, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu. Wancan zinariya ce, wannan litiyam ne, amma hannun da ke tonon ɗaya ne, kuma talakan da ke shaƙar ƙurar shi ne dai na jiya.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman fiƙihu suka gina ƙa'ida a kansa cewa wajibi ne a gusar da cuta, kuma ba a gusar da ita da wata cutar irinta. In aka tsarkake iskar birni da abin da ya gurɓata rijiyar ƙauye, to, cutar tana nan, an sauya mata mazauni ne kurum. Haka nan wanda ya caja motarsa da janareta mai shan fetur, hayaƙin da ya hana fita a kan titi ya fitar da shi a bayan gida. Ita kanta wutar gwamnati ta dogara ga zaman lafiyar dazuka: a watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, daga cikin dalilai kuwa har da lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda rashin tsaro ya jinkirta gyaransa.

ABIN DA YA SAMI DAJIN

Birnin Gwari tana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Tegina zuwa Legas. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da shinkafa, kuma tun zamanin Turawa ake haƙar zinariya a cikinta. A nan dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a matsayin gandun dajin En'e a 1936, aka ɗaukaka shi ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. An san shi da itatuwan doka da maje da taura da kaɗanya, da namun daji irin su giwa da gwanki da kanki, da tsuntsaye iri-iri, da magangarar ruwa ta Dogon Ruwa.

Wannan ni'ima ce a bisa ƙasa da ƙarƙashinta, amma shekaru fiye da goma mutanen wannan masarauta ba su ci moriyarta ba. Dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, ƙauyuka suka watse, manomi ya bar gonarsa, matafiyi ya riƙa sallama da iyalinsa kafin ya hau hanyar Kaduna. Kasuwar shanu ta garin ta daɗe a rufe, sai a watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe ta bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla. Ramukan zinariya sun jawo masu neman kuɗin dare ɗaya, kuma da kananzir da iskar gas suka yi tsada, gidajen birane da yawa suka koma ga gawayi, shi kuwa kowane buhu itace ne da ya yi shekaru yana girma aka ƙone shi cikin 'yan kwanaki.

Dalilan wannan fitina suna da yawa, akwai talauci, akwai zalunci, akwai sakaci da haƙƙin makiyayi da na manomi. Ba a ɗora laifi a kan matar da ta sayi gawayin naira ɗari biyu domin ta dafa wa 'ya'yanta tuwo, lalura ce ta sa ta. Amma aya ta 41 ta Suratur Rum ta bayyana cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku sakamakon aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe nata ne domin su komo kan hanya.

HURUMI A MUSULUNCI

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, ya umurci mai tsaronta da ya bar dabbobin talakawa su yi kiwo, ya tsare na mawadata. Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya yi wa Yazidu ɗan Abi Sufyan wasiyya kada a sare itace mai 'ya'ya. In an hana wannan a fagen yaƙi, ina ga lokacin zaman lafiya?

A ƙasar Hausa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafin Ta'alimur Radi a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasar da ba a raya ba, kuma kakanni sun san hurumi da burtali da makiyaya, sun san ba a sare ɗorawa da kaɗanya ko da a tsakiyar gona suke. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk shukar da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi. Ashe abin da ake kira rayuwa mai ɗorewa a yau, gado ne da aka bari ya yi ƙura.

CUTAR TANA CIKIN ZUCIYA

Abin da ya cinye daji, shi ne zai cinye amfanin mota mai lantarki in ba a yi hattara ba, watau kwaɗayi da almubazzaranci. Ahmad da Ibnu Majah sun ruwaito cewa an hana Sa'adu ɓarnar ruwa a wajen alwala, aka nuna masa cewa hanin yana nan ko da a bakin kogi mai gudana yake. Ya kuma tabbata a hadisi cewa da ɗan Adam zai sami kwari guda na zinariya, da sai ya nemi na biyu, babu abin da ke cika cikinsa sai turɓaya. Suratul Ƙasasi ta ba da labarin Ƙaruna, wanda ya fito wa mutanensa cikin adonsa har masu son duniya suka yi burin irin rabonsa, ƙarshe ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

Mutumin da ke da motoci uku a gida, ya ƙaro ta huɗu mai lantarki domin a gan shi a wurin ɗaurin aure, bai rage wa ƙasa nauyi ba, ya ƙara mata rami ne. Ya fi shi kusa da shiriya wanda ya riƙe tsohuwar motarsa yana gyara ta, yana rage wa maƙwabta hanya. Ya fi su duka biyun attajirin da ya zuba dukiyarsa a motocin haya masu lantarki, ya kafa musu wurin caji na hasken rana, talaka ya sami sauƙin kuɗin mota, direba ya sami abin kai wa gida. Ƙarfen ɗaya ne, niyya da amfani su suka bambanta hukuncin.

Game da farin ciki kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wadata ta gaskiya ita ce wadatar zuci, ba tarin kaya ba. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne baki ɗaya. Babu wanda ya fi manomin Birnin Gwari sanin fassarar wannan hadisi. A shekarun da hanya ta rufe, burinsa bai wuce ya je gona ya dawo lafiya, ya kwana a ɗakinsa ba tare da jin harbi ba, alhali kuwa zinariya tana kwance a ƙarƙashin ƙafarsa ba ta tsinana masa komai ba.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Wajibi ne ga hukuma ta tsare dajin Kamuku a matsayin amana, ta hana haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ta fitar da yara daga ramuka, ta tabbatar ƙauyen da aka tono arziki a ƙasarsa ya sami rijiya da asibiti da makaranta, ta kuma sauƙaƙa wa talaka makamashin girki domin gatari ya huta. Wajibi ne ga malamai su riƙa ambaton haƙƙin itace da ruwa da dabba a kan mumbari, kamar yadda suke ambaton haƙƙin maƙwabci. Shi kuwa magidanci, kafin ya sayi abin hawa ko wani abin ƙawa, ya tuna cewa za a tambaye shi ranar ƙiyama game da dukiyarsa, ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. In ya sare itace ɗaya bisa lalura, ya dasa wani a madadinsa kafin damina ta wuce.

Allah ya zaunar da Birnin Gwari da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, ya azurta al'umma da wadatar zuci. Allah shi ne mafi sani.