Yaro Mai Ɓarin Ruwa Ba Ɗura Yake Buƙata Ba

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin iyaye mata na Dagona da ƙauyukan kewaye: "Malama, yaron nan ba ya sha, ɓari kawai yake yi, sai da ɗura." Ta baya-bayan nan ta kawo mini ɗan wata 16, jiki zafi rau, numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa. Kwana biyu kafin nan kakarsa ta matse shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara masa kunu ta tafin hannu. Dole muka tura shi asibitin tarayya na Nguru.

Ɓari ba cuta ba ne, ba taurin kai ba ne. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 hannunsa bai faɗa ba, yana koyon kai kofi baki ne. Zuwa shekara 3 yawancinsu sun rage ɓari sosai. Fesar da ruwa da tsoma hannu a ciki kuwa wasa ne irin na shekarunsa.

Ɗura ce ke kashewa. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. Idan mutum zai haɗiye abu, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar iska. To, yaron da aka toshe wa hanci yana tsala kuka, ta ina zai ja numfashi in ba ta baki ba? Bakin kuwa cike yake da kunu. Sai kunun ya bi iska ya faɗa huhu. Wani nan take yake shaƙewa. Wani ya yi tari ya lafa, a ce ai ya wuce, bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso. Kullum sai a ce mini, "Da ɗura aka raine mu, ga mu da ranmu." Iya, waɗanda ɗura ta tafi da su ba su zo sun ba da labari ba, tari aka ce ya ɗauke su. Ko kunu ne, ko ruwa, ko magani, kada a toshe hancin yaro, kada a ba shi yana kuka, kada a ba shi yana kwance.

Wasu kuma sai su koma fida, wai don riga ta huta. A zafin Afrilu na Gashuwa, mai wuce digiri 40, ragowar kunu ko madara a bakin robar nan da nan take lalacewa, wankinta kuma ba ya fita. Daga nan sai gudawa, ga ruɓewar haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya kofi take ba da shawara, amma masu kemis namu sun jera fida a kanta, ba mai yi wa uwa bayani.

Uwa, na san ciwon ganin ruwan da kika tuƙo a famfo yana bin ƙasa. To rage abin da kike zubawa. Nemi ƙaramin kofi daidai hannunsa, ba modar randa ba, ki zuba kurɓi biyu ko uku, in ya shanye ki ƙara. Zaunar da shi a tsakar gida, ki tuɓe masa riga, ke ma ki sha yana kallo. Ya fara wasa, karɓe kofin ba duka ba tsawa, anjima ki sake miƙa masa. Wasan ruwa a bar shi sai lokacin wanka, kina kusa.

Randa a rufe, moda a rataye. Bokiti da baho a kife su, domin ruwan da bai kai kamu ɗaya ba yana iya halaka yaron da ya faɗa ta ka. Kananzir kuma kada a kuskura a zuba shi a gorar lemo, don kada yaro ya ɗauka abin sha ne.

In kina shakkar ko yana samun isasshen ruwa, dubi fitsarinsa: yana yi akai-akai, launinsa bai yi ja ba, to ya wadatu. Idan ya wuni ba fitsari, ido ya faɗa, baki ya bushe, ko kuma duk kurɓin da ya yi sai ya ƙware, a kai shi asibiti a ranar.

Kakanni da iyaye maza, ku nake roƙo musamman, don a gidajenmu maganarku ake ji. Don Allah ku hana ɗura a gidajenku.