Tarhon da Muka Tsinta a Sito



Makon jiya da aka sa 'yan ajinmu kwashe tarkacen sito, mun ci karo da wani baƙin abu mai nauyi a ƙarƙashin karyayyun kujeru. Yana da igiya a nannaɗe kamar taliya, a gabansa kuma akwai faifai mai ramuka. Wani a cikinmu ya ce agogo ne, wani ya ce sikelin awo ne. Baba maigadi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai 'ya'yan nan! Tarho ne fa." An riga an jefa shi cikin kayan da za a sayar wa 'yan gwangwan. Muka roƙi malaminmu na kimiyya da fasaha ya ara mana shi na mako ɗaya. Ga abin da muka koya.

Ramukan faifan guda goma ne. Suna farawa daga 1 har zuwa 9, sai 0 a ƙarshe. A gefe akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe. In za ka kira lamba, sai ka ɗaga kan wayar, ka sa yatsa a ramin lambar, ka juya faifan yadda hannun agogo yake tafiya har yatsanka ya daki ƙarfen nan, sannan ka saki. Faifan zai koma da kansa yana ƙara, kirrr. Kowace lamba sai ka yi mata haka. In ka yi kuskure a ta ƙarshe, to sai haƙuri, ka ajiye kai ka sake daga farko.

Mu duka mun zaci lokacin da ake juyawa ne lambar take tafiya. Ashe ba haka ba ne, sai faifan yana komawa. Malam ya kwance gindin tarhon da sukudireba ya nuna mana. A bayan faifan akwai sifirin da yake mayar da shi, da wasu ƙarafa biyu sirara da suke manne da juna. Wutar layi ta cikinsu take bi. Idan faifan yana komawa, wani ɗan haƙori yana raba su yana sake su, wato yana yanke wutar yana mayarwa. Ka juya 3, wuta ta yanke sau uku. Ka juya 7, sau bakwai. Sifili kuwa sau goma ne, domin in aka ce sifili kada ya yanke wuta ko sau ɗaya, ta yaya na'urar da take can za ta san ka kira wani abu? Shi ya sa aka ajiye 0 a bayan 9.

Don mu gani da idonmu, Malam ya haɗa ƙarafan nan da batir da ƙwan tocila. Da muka juya 5 muka saki, ƙwan ya yi ƙyaf-ƙyaf da sauri har muka kasa ƙirgawa, saboda akwai wani ɗan birki a ciki da yake sa faifan ya riƙa yanke wuta kamar sau goma a daƙiƙa ɗaya, ba ya wuce haka. Sai da ɗayanmu ta riƙe faifan da yatsa ta bar shi yana komawa a hankali, sannan muka ƙirga biyar cif. Ajin ya kaure da tafi.

To, wa yake ƙirga wannan yankewar? Kowane tarho yana da wayarsa ta jan ƙarfe da take bin turaku ko ƙarƙashin ƙasa har zuwa gidan haɗa layi na garin. A can akwai na'urar da take matsawa taki ɗaya duk lokacin da wuta ta yanke, har ta tsaya a kan layin wanda kake nema, sai ƙararrawarsa ta kaɗa.

Da farko ma babu faifan. Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar fasahar tarho a Amurka a 1876, kuma a shekarun da suka biyo baya mutum ne yake haɗa kira. Ka ɗaga kai, ma'aikaciya ta amsa, ka gaya mata wanda kake so, ta soka igiya a raminsa. Wanda ya canza wannan wani mutum ne mai suna Almon Strowger, a birnin Kansas. Sana'arsa shirya jana'iza, don a can sana'a ce da ake biyan kuɗi. Ana ba da labari cewa ya zargi mai haɗa layi da karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa. Haushi ya sa ya ƙirƙiro na'urar da za ta haɗa kira ba da hannun kowa ba, ya yi mata rajista a 1891, aka fara aiki da ita a garin La Porte a 1892. Faifan juyawa ya biyo baya da 'yan shekaru. Tarho mai maɓallan dannawa kuwa sai a 1963 aka fara ba jama'a shi a Amurka.

Da ka gane ƙirgar nan, sai ka gane wasu lambobin ma. A 1947 da aka raba wa biranen Amurka lambobin yanki, New York ta sami 212. Ku haɗa: biyu da ɗaya da biyu, yankewa biyar kacal, don birnin da aka fi kira ya zama mai saurin juyawa. A Landan kuma, tun 1937 lambar neman agaji 999 ce. Ba a zaɓi 111 ba duk da ta fi sauri, saboda in iska ta sa wayoyin kan turaku suna taɓa juna, na'ura za ta iya ɗauka wani ne yake kiran 1, 1, 1.

A nan Nijeriya, kamfanin gwamnati na NITEL ne ya riƙe layukan waya tun daga 1985. Kowane babban gari da lambarsa: Legas 01, Kaduna 062, Kano 064, Katsina 065, Zariya 069. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, layukan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutane sun haura miliyan ɗari.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda manya suka riƙa zuwa ganin tarhon nan kamar an ce musu tsohon aboki ya dawo. Malamarmu ta Hausa ta sa yatsa ta juya lambar gidansu ta dā, ba ta manta ko ɗaya ba, bayan shekara fiye da ashirin. Ta ce a layinsu gida ɗaya ne mai tarho, in an kira maƙwabci sai a tura yaro da gudu ya kirawo shi, kuma ba wanda yake jin nauyin hakan. Ta ce ko an ɗauke wuta tarho yana aiki, domin wutarsa daga baturan gidan haɗa layi take zuwa. Ba caji, ba neman sabis a kan katanga. Ƙararrawarsa ma ta gaske ce, tagulla biyu da ɗan guduma a tsakani, mun gan su.

Har sirrinsu na yarinta ta tona mana. Mahaifinsu yakan sa wa faifan ɗan kwaɗo don kada yara su tara masa kuɗin waya. Su kuwa sai su riƙa danna maɓallin da ake ɗora kan wayar da sauri-sauri, sau shida in 6 suke so, sau huɗu in 4, kiran kuma ya shiga. Nan take muka gane dalili: maɓallin ma wuta yake yankewa, na'ura kuma ba ta san ko faifai ne ko yatsa ba. Ashe su ma ba waliyyai ba ne.

Baba maigadi dai bai yarda da wannan kewar ba. Ya ce, "Malama, ku 'yan birni ne kuke kewarsa." A ƙauyensu babu tarho ko ɗaya. Lokacin da mahaifinsa ya rasu yana aiki a Kudu, sai bayan sadakar bakwai labari ya iske shi, ta bakin wani direba. Ya ce ko a birni mutum yakan cika takarda ya yi shekaru yana jiran layi, in ruwan sama ya yi yawa ko ɓarayi suka yanke waya, tarhon ya zama kayan ado. Mu a ganinmu Baba ya fi gaskiya a nan, don ba za mu so mu koma zamanin da gaisuwa da kaka sai an yi tafiya ba. Amma Malama ta kama mu a wuri ɗaya. Ta ce duk wanda ya haddace lambar mahaifiyarsa ya ɗaga hannu. Hannayen da suka tashi ba su da yawa, wasunmu kuma sai kallon silin. Ta ce, "In ɗayanku ya ɓata a kasuwa, me zai gaya wa wanda ya tsince shi?" Tun ranar muke ta bitar lambobi a hanyar gida.

Aron da aka ba mu zai ƙare ranar Juma'a. Muna roƙon Shugaban Makaranta, cikin ladabi, da a cire tarhon nan daga kayan gwangwan a ajiye shi a ɗakin gwaje-gwaje. Kuɗin da za a samu a ƙarfensa bai taka kara ya karya ba, 'yan aji ɗaya kuma ba su ga ƙwan nan yana ƙyaftawa ba tukuna.

Tambayar mako: a zamanin NITEL lambar Sakkwato 060 ce, ta Maiduguri 076. Wacce ce ta fi yanke wuta, kuma da sau nawa ta fi? A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin tashin Alhamis. Wanda ya fara cinka, shi zai juya faifan a gaban asambuli.