Wanda ya ɓata iska, shi zai biya

Iskar da muke shaƙa ta kowa ce. Bari mu duba yadda birnin Landan na ƙasar Ingila ke kare tata.

A shekarar 2003, hukumar birnin ta sa wa direbobi kuɗin cunkoso, fam 5 a rana, kafin su shiga tsakiyar gari. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, wanda bai biya ba a ci shi tara. Kuɗin na tafiya wajen gyara sufurin jama'a.

A 2019 aka ƙara wata doka domin hayaƙi. Tsohuwar mota mai yawan hayaƙi tana biyan fam 12.50 kowace ranar da ta fita. A 2023 dokar ta game dukan birnin.

Me ya kawo wannan? A 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma ta rasu a Landan. A 2020 kotun bincike ta tabbatar cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta.

Abin ya shafe mu, domin tsofaffin motocin Turai da yawa a ƙasashenmu suke ƙarewa.

Tambayoyin tattaunawa
• Daga ina hayaƙi ke fitowa a ƙauyenmu: babura, injin niƙa, janareta ko murhu?
• Su wa suka fi shaƙarsa?
• Ta yaya za a rage shi ba tare da an danne talaka mai tsohuwar mota ba?