Riba da Kasada a Sabon Tsarin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Darasi Daga Itanium

1.0 Gabatarwa

Mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, yana auna abubuwa huɗu: sauri, shan wuta, tsadar ƙira, da iya tafiyar da manhajojin da mutane suka riga suka mallaka. Ba a ƙara ɗaya sai an tauye wani. Wannan muƙala ta ɗauki Itanium a matsayin misali domin nuna inda kasadar take.

2.0 Tsarin Itanium

Kamfanonin Intel da HP ne suka haɗa hannu wajen ƙera shi, ya shiga kasuwa a 2001. Manyan furosesoshin wancan zamani su ne ke tantance umarnin da za a iya aiwatarwa lokaci guda, aikin da ke cin wuri da wuta. Itanium ya ɗora wannan nauyi a kan kwamfaila, manhajar da ke mayar da rubutun mai tsara manhaja zuwa harshen na'ura. Ita ce ke ɗaure umarni uku-uku cikin dami mai bit 128 tun kafin aiki ya fara.

Sai dai kwamfaila ba ta san tsawon lokacin da bayani zai ɗauka kafin ya iso daga ma'adana ba, domin hakan yana sauyawa yayin aiki. Idan bayanin ya makara, furosesa ya tsaya jira. Bugu da ƙari, tsofaffin manhajojin x86 tafiyar hawainiya suke yi a kansa. A 2003 kamfanin AMD ya fitar da Opteron, wanda ya faɗaɗa x86 zuwa bit 64 ba tare da watsi da tsofaffin manhajoji ba. Intel ya bi sahu a 2004, sannan ya daina fitar da Itanium a 2021.

3.0 Kammalawa

A yau hankali ya koma kan RISC-V, tsarin da aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010. Ba a biyan kuɗin lasisinsa, don haka ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo yana iya nazarinsa kyauta. Kasadarsa ita ce kowane kamfani yana iya ƙara nasa umarnin, har manhajar wannan ta ƙi aiki a na'urar wancan. Mai shagon kwamfuta a Gwandu da ke dogara da sola yana buƙatar furosesa maras shan wuta, amma kafin ya saya, wajibi ne ya tabbatar manhajojinsa za su yi aiki a kansa.