Maganin Da Ba A Sayarwa A Kanti

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani magani ne wanda likita ya kan rubuta wa mai hawan jini ko ciwon sukari, amma ba a samunsa a kanti, watau motsa jiki.

A shekara ta 1953 wani likita a Ingila, sunansa Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gani cikin ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune wuni zubur, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakala garin karɓar kuɗi. Mota ɗaya su ke ciki, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su.

Likitoci suka gane amfanin motsi, amma faɗi da baki bai isa ba. A kan ce wa majinyaci, "Ka riƙa tafiya," ya ce, "To," ya koma gida ya manta. Sabo da haka a ƙasar Niyu Zilan aka fara wata dabara a 1998, ana ce da ita Koriyar Takarda. Likita ya kan zauna da mutum, ya rubuta masa irin motsin da zai yi, da minti nawa, da sau nawa a mako, kamar yadda a ke rubuta ƙwaya. Sa'an nan wani ma'aikaci ya riƙa kiransa ta waya har wajen wata 3, yana tambaya yadda abin ya ke tafiya. A 2003 aka buga gwajin da aka yi da mutum 878, 'yan shekara 40 zuwa 79. Bayan shekara guda, waɗanda suka sami takardar sun fi sauran motsa jiki da minti 34 a mako. Ba wani yawa ba ne, amma ya dore. A ganinmu mai tambayar nan shi ne ƙarfin dabarar.

Yaya motsi ya ke aiki? Sa'anda tsoka ta ke aiki, ta kan janye sukari daga jini, insulin kuma ya kan fi kama jiki har kwana ɗaya ko biyu a baya. Shi ya sa ba a so mai sukari ya wuce kwana 2 a jere bai yi ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga babban mutum, minti 150 zuwa 300 a mako. Saurin da a ke so shi ne wanda za ka iya magana amma ba ka iya raira waƙa ba. 'Yan mawaƙa sun san bambancin.

Manomi mai fartanya ba shi da wannan damuwa. Da malamai mu ke, da akawu, da teloli, da masu kanti, har da mu masu wa'azi. Abin da ya ke hana mu kuwa sau da yawa kunya ce. Dattijo ya ɗaga ƙafa a hanya, sai a tsai da shi a ce, "Baba, lafiya? Ina babur?" In ɗan'uwa ya raka shi, kunyar ta kan ragu, ya kuma sami mai tambayarsa gobe.

Amma kada kowa ya fara sai ya ga likita, gama kowane jiki da ma'auninsa. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, sukarinsa yana iya faɗuwa a hanya. Ya riƙe ƙwayar sukari a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi ya sha nan da nan. Kada ya tafi ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowace yamma, gama ƙaramin rauni da bai ji ba ya kan zama gyambo. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ya tsaya, a kai shi asibiti. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ƙwayar hawan jini kuwa a ci gaba da shanta, sai ran da likita da kansa ya ce a rage.